Yadda ake kai ƙananan yara bakin teku a Suwidin, tun daga guzuri har jirgin dawowa

Duk shekara idan Yuni ya raba sai saƙonni su fara shigo min daga 'yan uwa matan da ba su daɗe da zuwa ƙasar nan ba, wai don Allah Maman yara ina kuke kai naku, mu fa tunda aka rufe makaranta muna ɗaki, unguwa ta yi tsit kamar an yi shara, yara sai faɗa da kallon waya. Toh unguwa dole ta yi tsit, domin dokar ƙasar ta ba ma'aikaci hutun kwana 25 a shekara kuma yana da haƙƙin ya haɗa sati huɗu a jere tsakanin Yuni da Agusta, yawancinsu a Yuli suke ɗauka, sai su kwashi yara su nufi bakin ruwa. Kuma abin da nake so ki riƙe tun yanzu shi ne fitar nan ba ta masu kuɗi ba ce. Abu biyu ne ke ɓata ta, sanyi da yunwa, in kin yi maganinsu tun daga gida kin gama rabin aikin. Ni a Göteborg nake zaune, da yara uku, babbar shekararta 7, ta tsakiya 4, autan bai cika biyu ba, don haka misalaina yawanci daga gaɓar yamma za su fito.

Mataki na farko, zaɓen wuri, kuma don Allah ki fara da fitar wuni ɗaya, a tafi da safe a dawo da yamma. Kar ki ce tashin farko sai kin kama gidan haya na sati guda. In kina Göteborg hau tiram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, mai lamba 11 har ƙarshen layi, Saltholmen, daga nan jiragen ruwa ke tashi zuwa tsibiran kudu, Brännö da Styrsö da Donsö da Vrångö. Tikitin Västtrafik, kamfanin sufurin yankin, ɗin nan da kika shiga tiram da shi shi ne dai na jirgin ruwan, ba wani ƙarin kuɗi, yaran da ba su kai shekara 7 ba kuma kyauta suke shiga. Ki bar mota a gida, wajen ajiye mota a Saltholmen wahala ne da rani. Dalilin da ya sa nake tura masu ƙananan yara can shi ne tsibiran nan ba a yawo da motocin gida a cikinsu, daga keke sai wani babur mai ƙafa uku da suke ɗaukar kaya da shi sai baro, kin ga yaro zai yi gudunsa a hanya hankalinki kwance. Ni Vrångö na fi so, shi ne can ƙarshe ta kudu, yana da 'yan lunguna masu yashi da ruwan bai da zurfi, da hanyar da keken jariri ke bi ba tare da an sha wuya ba.

In a kudu kike wajen Malmö, ga Ribersborg nan cikin gari, ga Lomma da za ki yi ta tafiya cikin ruwa bai wuce gwiwa ba. 'Yan Stockholm kuna da jiragen Waxholmsbolaget zuwa Vaxholm da Grinda. Wanda ke son yashi shimfiɗe iya ganin ido sai ya nufi Tylösand kusa da Halmstad, can har masu ceton rai ke tsaye da rani, ko Böda a tsibirin Öland, ana tsallaka gadar nan mai kilomita 6 daga Kalmar. Wurare irin su Smögen da Marstrand suna da kyau ba ƙarya, amma duwatsu ne masu santsi da ruwa mai zurfi a gefensu ga cunkoso a Yuli, ni sai yara sun ɗan tasa nake ba da shawarar su.

Wani abu da zai kwantar miki da hankali, kar ki ji kamar kin shiga gonar wani. Akwai haƙƙin da suke kira allemansrätten, har cikin kundin tsarin mulkinsu yake tun 1994, wato kowa na iya shiga daji da bakin ruwa ya zauna ya yi wanka ya tsinki 'ya'yan itace, sharaɗin kawai kar ka dami kowa kar ka ɓata komai. Abin da ba a yi shi ne shimfiɗa tabarma a harabar gidan mutum ko kan gadar katakon da ya kafa wa jirginsa.

Na biyu, duba sama da ruwa tun daren jiya. Ki buɗe manhajar SMHI, hukumar yanayinsu, kar ki tsaya kan zanen rana kawai, ki duba iska. Rana na iya fitowa tar amma iska ta hana yaro sakewa. In iskar daga tudu take busawa zuwa teku to ranar ba a saka yaro kan balan-balan ɗin wanka, ja take yi ta yi ciki da shi kafin ki ce me. Waɗanda ke gaɓar gabas, wato tekun Baltik, ku ƙara da duba labarin algblomning, wani gansakuka ne mai guba da ke tasowa a Yuli da Agusta idan zafi ya daɗe, ruwan sai ya koma kamar an kaɗa miyar kuka ruwa-ruwa ko an barbaɗa gari kore-rawaya a samansa. In kin ga haka ko ƙafa kar yaro ya tsoma, domin ƙananan yara haɗiyar ruwa suke yi.

Na uku kaya, kuma nan zan ɗan tsaya domin nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Fitarmu ta farko na shirya babbar 'yata kamar za mu gidan biki da zafi, 'yar riga mara hannu da silifas, tawul ɗaya tal. Ta shiga ruwa tana murna, minti goma ta fito leɓenta ya canza launi haƙoranta na haɗuwa kaf-kaf-kaf, tawul ɗin ya riga ya jiƙe, ba ni da abin rufa mata sai mayafina. Wata dattijuwa da ke gefenmu ce ta taso ba ta ce komai ba ta miƙo min suwaitar ulu ta jikanta da kofin koko mai zafi daga fulas ɗinta. Ranar na gane ruwan tekun nan ko a tsakiyar rani da ƙyar yake wuce digiri 20, sau da yawa 17 ko 18 ne, jikin yaro kuma ba ya riƙe ɗumi kamar na babba.

Don haka kowane yaro ki sa masa tawul biyu, ɗaya na goge jiki ɗaya busasshe na lulluɓa. Suwaita mai kauri, dogon wando, safa, hula mai rufe kunne ko da kuwa Yuli ne. Rigar ruwan sama da wandonta, waɗanda yaran ke zuwa förskola, wato makarantar renon yara, da su sun isa, mutanen nan suna da karin maganarsu cewa babu mummunan yanayi sai dai mummunar sutura, kuma a bakin teku za ki gaskata su. Takalmin roba na shiga ruwa saboda bawon kifi mai kaifi a jikin duwatsu. Hular rana da man kariya daga rana, kar ki ce ai mu baƙaƙe ne, fatar yaro fatar yaro ce, jaririn da bai kai shekara ba kuma a inuwa ake ajiye shi gaba ɗaya musamman daga ƙarfe 11 zuwa 3. Pampas fiye da lissafinki, leda biyu ta shara da ta jiƙaƙƙun kaya, bokiti, da buta ko gorar ruwa ta daban domin bayin gidan da ke irin wuraren nan yawanci na rami ne ko na katako ba famfo a ciki. Ke kanki ki sa dogon wando ƙarƙashin abaya ki ɗaura ƙaramin hijabi da iska ba za ta yi ta wasa da shi ba, a kan jirgin ruwa za ki gode min.

Sai rigar ceto, flytväst. Wannan ba a sasantawa. Ba sai kin saya ba, ki nemi Fritidsbanken mafi kusa da ke, wuri ne kamar laburare amma na kayan wasanni, suna ba da aro kyauta na kwana 14. Da nauyin yaro ake zaɓa ba da shekaru ba, ta ƙananan kuma ki tabbata tana da abin tallafe wuya da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Duk lokacin da yaro ke kan gadar katako ko kan dutse a gefen ruwa rigar na jikinsa.

Na huɗu, guzuri, wanda suke kira matsäck, kuma nan ne na fi koyon abu daga matan ƙasar nan. Ni da farko shinkafa dafa-duka nake ɗauka a kula da cokula da faranti, kin san halinmu ba ma fita da abincin wasa. Amma iska da yashi da yara uku ba sa barin mutum ya zauna ya raba abinci a faranti, ga mai a hannu ga tsuntsayen teku na shawagi suna jiran ki juya baya. Sai na lura su abin da ake riƙewa a hannu ɗaya suke kawowa, kuma sarkin guzurin yara a wajensu shi ne pannkakor. Kar sunan ya ruɗe ki, ba irin fankenmu mai kumburi ba ne, falle-falle ne siriri kamar takarda. Ga yadda nake yi da daddare: fulawa desilita biyu da rabi (desilita goma ne lita ɗaya), gishiri rabin ƙaramin cokali, madara desilita 6, ƙwai 3, bota kamar babban cokali 3. Ki fara kaɗa fulawar da rabin madarar har gudaji su mutu, sannan ki zuba sauran madarar da ƙwan, ki bar ƙullin ya huta kamar minti 20. Narkar da botan a kaskon ki juye cikin ƙullin, daga nan sai ki riƙa zuba ludayi ɗaya kina juya kaskon ya bazu, in gefen ya fara yin ja ki juya. In sun huce ki shafa jam ɗin strobari siriri ki naɗe kamar tabarma ki jera a roba ki sa a firij. Da sanyinsu ake ci, kuma ban taɓa dawowa da ko ɗaya gida ba.

Bayan shi dafaffen ƙwai da knäckebröd, wannan busasshen burodin hatsin rai mai ƙaras-ƙaras da ba ya lalacewa a jaka, a matsa masa Kalles kaviar, ƙwan kifi ne mai gishiri a cikin bututu kamar na man goge baki, tun 1954 suke cin abinsu. Yarana biyu na so, ta tsakiyar ko warinsa ba ta so, sai ki gwada a gida tukunna. Kokwamba da karas a yanka dogo-dogo, tuffa, ayaba. Ruwan famfon ƙasar nan ana sha, cika gorori kawai. Ga mai jariri, välling, wani kunun hatsi da madara ne na gari da ake ba yara daga wata shida a fida, ranar da na fara gani na ce ai wannan kununmu ne aka sa a kwali. Ki auna garin a fida tun daga gida ki riƙe ruwan ɗumi a fulas. Haka filmjölk, ɗan uwan kindirmo ne sak sai dai ya fi ruwa, ni da shi nake dama fura in na samu gero a shagon 'yan Afirka, in zuba a gora mai riƙe sanyi, maigidan ya fi kowa murna da wannan.

Maganar naman alade kuwa sai an buɗe ido, domin abincin fita na yaran ƙasar nan biyu ne, ƙwallayen naman nan köttbullar da kuma korv, wato tsiran turawa da ake gasawa a sa a burodi, kuma yawancin na kanti da alade a ciki. Ki haddace kalmomin nan: fläsk, gris, skinka, bacon, duk alade ne, blandfärs kuma niƙaƙƙen naman sa ne da aka gauraya da na alade. Nöt shi ne sa, kyckling kaza, lamm rago. Ko an rubuta kyckling a gaban leda ki juya baya ki karanta, wani lokaci fatar tsiran daban take. Mafi sauƙi ki sayi na halal a shagunan unguwa tun kafin ki bar gari, don a tsibiri ɗan shago ɗaya za ki tarar kuma ba lallai ya ajiye ba. Köttbullar kuma ki yi naki, niƙaƙƙen nama rabin kilo, garin busasshen burodi da aka jiƙa a madara, albasa gurzajjiya, ƙwai ɗaya, gishiri da masoro, a mulmula ƙanana a soya a bota. Ni ina ƙara ɗan yajin daddawa kaɗan a na manya. A ci da lingonsylt, jam ɗin wasu jajayen 'ya'yan daji mai ɗan tsami, da farko za ki ce me ya haɗa nama da jam, daga baya ke za ki riƙa nema.

In za ku gasa wani abu a can, ki duba shafin ƙaramar hukumar ko an sa eldningsförbud, wato dokar hana kunna wuta lokacin fari. Kuma ko ba a sa ba, ba a hura wuta kan falalen dutse, zafi na fasa shi kuma ba ya gyaruwa har abada. Akwai murhun da aka gina domin haka a wurare da yawa.

Na biyar, ranar tafiya. Ku fita da wuri, jirgin ƙarfe tara ko goma, kafin layin Saltholmen ya yi tsawo. Kafin ki bar tashar da kuka sauka ki ɗauki hoton jadawalin jiragen dawowa, ki sa a ranki za ku hau na biyun ƙarshe ko ma wanda ya riga shi. Kati ko Swish, manhajar biyan kuɗi ta waya, ki riƙe, wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi ko na ayis kirim ne. Da kun isa ki nemi gindin dutsen da ya tare iska ki yi shimfiɗa, ki ba yara abinci kafin su shiga ruwa ba sai sun yi kukan yunwa ba. Wanka kuma gajere-gajere, minti biyar zuwa goma a fito a goge a lulluɓe a sha abu mai ɗumi, in jiki ya dawo a koma. Ke da maigida ku raba aiki da baki, a faɗa a ji, wane ke kallon ruwa yanzu, domin yaro in zai nutse ba ya ihu ba ya fantsama ruwa, shiru yake yi, kuma inda manya suka fi yawa nan kowa ke zaton wani na kallo. Wanda bai iya iyo ba kar ya wuce inda hannunki zai kai. Waya ta zauna a jaka.

Abin da ya fi riƙe yarana a bakin teku ba wankan ba ne ma, kamun ƙaguwa ne, kuma duk yaron gaɓar yamma da shi ya tashi. Igiya kamar mita biyu, ki ɗaura maƙalin shanya a ƙarshenta, irin na katako ko roba da muke maƙale wanki da shi. A fasa ƙwanson ruwa ɗaya, baƙaƙen nan da ke manne a duwatsu, ko a sa guntun jatan lande, a maƙala. Yaro ya kwanta rub da ciki a kan gadar katako da rigar cetonsa ya saki igiyar har ƙasa kusa da ciyawar ruwa. Sai a yi shiru. Za ki ga 'yar ƙaguwa koriya-koriya ta leƙo daga ƙarƙashin dutse tana tafiyarta ta gefe, ta damƙi naman, nan ne ake ja a hankali a hankali, in aka fizga sai ta saki. Ta tsakiyata rannan ta kama goma sha ɗaya tana lissafawa da Hausa tana maimaitawa da yaren Suwidin, awa biyu ba ta nemi komai ba. A zuba su a bokiti da ruwan teku da ɗan ganyen ruwa, a ajiye a inuwa, a riƙa canza ruwan, ba a cin su, in an gama a karkata bokitin a kan dutse yara su kalli tserensu zuwa ruwa.

Wajen ƙarfe uku sai fika. Wannan al'ada ce da ba sa wasa da ita, a ofis ko a daji, a dakata da komai a zauna a sha kofi da ɗan abin zaƙi. Manya kofi ko shayi daga fulas, yara saft, wato ruwan 'ya'yan itace mai kauri da ake sirkawa da ruwa, sai kanelbulle, naɗaɗɗen burodin kirfa da har ranarsa yake da ita a 4 ga Oktoba. Amfaninta a wajena shi ne tana zuwa daidai lokacin da yara suka fara gajiya da ƙananan rigingimu, da an zauna an ci sai kowa ya dawo hayyacinsa. In ranar Asabar ce za su tuna miki da lördagsgodis, alawar Asabar, domin yaran ƙasar nan sau ɗaya a sati ake ba su alawa, al'adar da ni na karɓa hannu bibbiyu saboda haƙora. Ki dai duba kalmar gelatin a jiki, masu taushin nan da yawa daga alade ake yin nasu, akwai waɗanda aka rubuta gelatinfri ko vegansk, su ba gelatin a ciki. Kuma in rigima ta ƙi ƙarewa ki ɗauke yaron ku koma gefe ki lallashe shi, ki tuna tun 1979 doka ta hana dukan yara a ƙasar nan, har a hannun iyayensu.

Abubuwan da ke cizo guda biyu ne na fi kiyayewa. A gaɓar yamma akwai wata halitta mai kamar tafasasshen sitaci tana yawo a ruwa, fara mai zobba huɗu a baya ba ta komai, amma ja ko ruwan goro mai dogayen zare, brännmanet, tana ƙuna kamar an watsa barkono. In ta taɓa yaro ki wanke da ruwan teku, kar ki sa ruwan gora domin ƙara zafin yake yi, kar ki murza, ki kankare zaren a hankali da gefen katin banki. Na biyun kaska, fästing, tana cikin dogayen ciyawa, tana ɗauke da cutar borrelia da kuma cutar TBE mai taɓa ƙwaƙwalwa. Kowane dare in kun dawo ki tuɓe yara ki duba bayan kunne, cikin gashi, hammata, bayan gwiwa, matsematsi. A fatarmu ba ta fitowa fili kamar a tasu, ɗigo ne kamar ƙwayar riɗi, don haka da yatsa ake shafawa a ji, ga mai kitso kuma a bi layi-layi. In kin samu ki kama ta da hantsaki dab da fata ki ja a miƙe, kar ki shafa mata mai. TBE na da allurar rigakafi amma ba ɗaya ba ce, watanni kafin rani ake farawa, musamman masu zuwa tsibiran Stockholm. Shawarar ma'aikaciyar jinya a kira 1177, in abin gaggawa ne 112.

Toh in kun yi fitar wuni sau biyu sau uku kun saba, sai a yi maganar kwana. Stuga suke kiran ɗan gidan katakon hutu, yawanci ja mai farin gefe, da sati ake haya kuma da lambar sati suke magana, sati na 28 zuwa 31 shi ne tsada da cunkoso, tun hunturu ake kamawa. In yaranki ba su shiga makaranta ba ku jira tsakiyar Agusta, kuɗi ya sauka ruwan kuma ya fi ɗumi. Ki tambaya kafin ki biya, bayin gida a ciki yake ko a waje, akwai ruwan famfo, akwai firij. Zanen gado da tawul naki za ki kawo, kuma ku za ku share gidan tas kafin ku fita in ba kun biya kuɗin shara ba. Masaukan STF, ƙungiyar yawon buɗe idonsu da ke nan tun 1885, sun fi araha kuma da kicin na kowa da kowa. Ki tafi da baƙin zane ko bargo na rufe taga, domin a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Göteborg sai bayan ƙarfe goma na dare, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna ta sake fitowa, yaro zai ce miki ai gari bai yi duhu ba. Lokutan salla ma ki sauke jadawalin masallacin garinku a waya, Magariba da Isha da Asuba duk a matse suke.

In maƙwabtan stuga suka gayyace ku cin abinci ku je, a cire takalmi a ƙofa kamar gida. Idan Midsommar ne, bikinsu na tsakiyar rani, jajiberinsa kullum Juma'a ce tsakanin 19 da 25 ga Yuni, za ki tarar da sabon dankalin turawa da aka dafa da ganyen dill, da sill wato kifin da aka jiƙa a ruwan tsami da sukari, da gräddfil mai kamar kindirmo mai kauri, sai strobari da kirim a ƙarshe, yara da rawanin furanni suna tsallen kwaɗi suna zagaya sandar da aka yi wa ado da ganye. Manya na shan giya a ƙananan kofuna, ki ce nej tack, wato a'a na gode, sau ɗaya ya isa, ba mai matsa miki. Wasu kwalaben sill ɗin da giya a ruwansu, karanta. A Agusta kuma kräftskiva, bikin cin wasu jajayen halittun ruwa 'yan uwan jatan lande, da hulunan takarda da fitilun takarda, mu 'yan Malikiyya abin ruwa bai dame mu ba, sai dai ki tambayi mai gidan ko an zuba giya a ruwan dahuwar domin wasu na yi. Abu ɗaya game da kifi, hukumar abincinsu Livsmedelsverket ta ce yara da matan da ke shekarun haihuwa kar su ci strömming, wato sill na tekun Baltik, da kifin salmon na daji daga can fiye da sau biyu zuwa uku a shekara saboda gubar dayoksin. Na gaɓar yamma da makarel mai hayaƙi da jatan landen da ake saya a bakin jirgin masunta ba su cikin wannan.

Lokacin tashi ki fara haɗa kaya minti arba'in kafin jirgi, yara su canza zuwa busassun kaya da suwaita tun a nan, a bi wurin da ido a tsince komai har bawon ƙwai, gwangwani da robobin lemo a leda daban domin a mayar kanti a karɓi kuɗin pant, wato ɗan kuɗin da ake maido maka in ka mayar da su, babbar 'yata ita ke riƙe wannan kuɗin. Ki ɓoye pannkakor biyu-biyu da ayaba a ƙasan jaka domin cikin jirgi, nan yunwar gaske ke tashi. Ku zauna a ciki ba a sama ba, iskar yamma ta fi ta safe sanyi, keken jariri kuma a taka masa birki. Da kun isa gida wanka da ruwan ɗumi a wanke gishirin, a shafa man kaɗanya sosai domin ruwan teku na busar da fatarmu har ta yi fari, a duba kaska, a shanya rigunan ceto a baranda kafin ranar mayarwa.